SHARHI: Gwajin jini kafin aure, da yaran sikila da aka riga aka haifa

A watan Mayun 2024 ne Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. A ƙarƙashinta, ba a ɗaura aure a jihar sai masu niyyar sun gabatar da takardar shaida daga asibitin da gwamnati ta amince da shi, wadda ke nuna an yi masu gwajin ƙanjamau, da na ciwon hanta nau'in B da C, da kuma na rukunin jinin da ake gadon sikila ta cikinsa, wato jinotaif. Wanda ya saɓa zai iya fuskantar tarar da ta kai naira 500,000, ko ɗauri, ko duka biyun. Dama Hukumar Hisbah ta saba gindaya irin wannan sharaɗi a auren gata, har da aure 1,800 da aka ɗaura a Oktoban 2023. Abin da dokar ta yi shi ne ta ɗauko sharaɗin daga harabar Hisbah ta ɗora shi a kan kowa.

Jama'a sun yi na'am da dokar, kuma ba abin mamaki ba ne. Duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon yaron da ciwon ƙashi ya turnuƙe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ambato shi ne ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da amosanin jini duk shekara a Najeriya, adadin da babu wata ƙasa da ta kai shi. Sai dai irin wannan doka tana da wani daɗi na daban ga mai mulki: kuɗin gwajin daga aljihun ango yake fita, hukuncin kuma a kan talaka yake sauka, baitulmali bai ji a jikinsa ba. Don haka ya dace a tambayi abin da za ta iya magancewa da abin da ya fi ƙarfinta. Amsar tana can cikin jini, a ƙirar wani sinadari guda ɗaya.

Harafi ɗaya a cikin jini

Abin da ke sa jini ja shi ne wani furotin mai suna himogulobin. Aikinsa dakon iskar oksijin daga huhu zuwa kowane lungu na jiki, kuma kowace jar ƙwayar jini tana ɗauke da kimanin miliyan 270 na irinsa. Kamar kowane furotin, an ƙera shi ne da ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne, a jere kamar 'ya'yan carbi. Himogulobin ɗin babban mutum sarƙa huɗu ce a naɗe wuri ɗaya: biyu ana ce masu alfa, kowace da 'ya'ya 141, biyu kuma ana ce masu beta, kowace da 146. A tsakiyar kowace sarƙa akwai wani zobe mai riƙe da ƙwayar zarra ɗaya ta ƙarfe, kuma a jikin wannan ƙarfe oksijin ke maƙalewa.

Umarnin yadda za a jera 'ya'yan carbin a rubuce yake cikin DNA da mutum ya gada daga uwa da uba, da haruffa huɗu kacal, ana karanta su uku-uku. A wuri na shida na sarƙar beta, rubutun da aka saba gani shi ne GAG, wanda ke nufin a sa gulutamik asid. A wajen mai ɗauke da S, harafin tsakiya ya canja, rubutun ya koma GTG, sai jiki ya sa wani amino asid mai suna balin. Iyakar bambancin ke nan: ɗan carbi ɗaya cikin 146.

Gulutamik asid yana da cajin lantarki, yana jituwa da ruwa, shi ya sa idan yana bayan furotin sai furotin ya zauna lafiya a narke. Balin kuwa ɗabi'ar mai gare shi, ba ya shiri da ruwa, kullum neman inda zai ɓuya yake yi. Muddin himogulobin na riƙe da oksijin, babu wata matsala. Da zarar ya sauke kayansa a cikin tsoka ko ƙashi, sai ƙirarsa ta ɗan juya, wani ɗan rami mai ɗabi'ar mai ya buɗe a jikinsa, balin na maƙwabcinsa ya faɗa ciki. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri, kowane igiya 14 a murɗe. Ƙwayar jinin da ya kamata ta kasance mai laushi, mai iya lanƙwasawa ta ratsa jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, sai ta sandare ta koma siffar lauje.

Duk sauran wahalar daga nan take tasowa. Ƙwayoyin da suka sandare su ne ke toshe ƙananan jijiyoyi, naman da ke gaba ya rasa oksijin, ciwon da ke sa babban mutum kuka ya taso. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 take fashewa, ɓargo ya kasa cike giɓin, jini ya yi ƙaranci. Zoben da ke riƙe ƙarfen nan, idan jiki ya warware shi, wani sinadari rawaya yake komawa, shi ne ke rina idon yaro kamar mai shawara, ya kuma tara tsakuwa a matsarmama. Himogulobin ɗin da ya tsiyaye cikin ruwan jini yana lashe wata iska da jijiyoyi ke amfani da ita wajen saki, sai su ƙara tsukewa. Saifa kuma, wadda ita ce matatar da ke tsare ƙwayoyin cuta, tun yaro bai kai shekara biyar ba takan lalace saboda yawan toshewa. Shi ya sa zazzaɓin da wani yaro zai kwana biyu ya miƙe, mai sikila yana iya rasa ransa a kansa cikin yini guda.

Saurin haɗuwar zaruruwan ya dogara ƙwarai da kaurin himogulobin a cikin ƙwayar. Ruwa ya ɗan ragu a jiki, sai su haɗu tun ƙwayar ba ta koma huhu ba. Sanyi ya tsuke jijiya, jini ya rage gudu, sai su samu lokacin da suke nema. Iyayen da ke cewa hunturu da zafin bazara ne lokutan fargabarsu, gaskiyar kimiyya suke faɗa ko da ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba.

Wannan sani bai zo a rana ɗaya ba. Likita James Herrick ne ya fara bayyana ƙwayoyin masu kama da lauje a Chicago a 1910, a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa aibin a jikin himogulobin yake, aka fara kiran sikila cutar ƙwayar sinadari, irinta ta farko da aka gane a tarihin likitanci. Vernon Ingram ne ya gano ainihin amino asid ɗin da ya canja, a Cambridge, tsakanin 1956 da 1957. Kusan shekara saba'in ke nan duniya ta san harafin da ya kuskure.

Gadon da sauro ya raina

Me ya sa abu mai kisa irin wannan ya yaɗu haka maimakon ya ƙare? Anthony Allison ya ba da amsa a 1954, bayan bincikensa a Gabashin Afirka: yaron da ya gaji S daga ɓangare ɗaya kawai, wato AS, ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Binciken da ya biyo baya ya nuna kariyar na kai wa kusan kashi 90 cikin 100. A jinin mai AS, nau'in S bai kai rabi ba, don haka a zaman yau da kullum ba ya isa ya yi zaruruwa. Amma idan ƙwayar maleriya ta shiga jar ƙwayar jini ta fara cinye oksijin ɗinta, sai ƙwayar jinin ta lanƙwashe, saifa ta tsince ta ta halaka ta tare da baƙon da ke ciki. Wani nazari da Daniel Shriner da Charles Rotimi, masani haifaffen Najeriya, suka wallafa a 2018 ya kai asalin canjin zuwa kimanin shekara 7,300 da suka wuce, lokacin da Sahara take da tafkuna da ciyayi.

Saboda haka S garkuwa ce da ta ceci kakanni masu yawa, kuma yaran SS ne ke biyan kuɗinta. Su ba su da rabo a kariyar, maleriya ma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Ba mamaki wasu daga cikin matan da aka riƙa cewa suna wabi a da, suna haihuwa suna binnewa, abin da ke tsakaninsu da mazajensu ke nan ba a sani ba. Najeriya kuwa har gobe ita ke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, wato dalilin da ya raini S yana nan daram.

Akwai wani lissafi da ya kamata duk mai goyon bayan dokar ya riƙe. Tsakanin mutum ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya samu kusan kashi 20 cikin 100 a yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Idan aka ɗauki ɗaya cikin huɗu, to aure ɗaya cikin kowane 16 zai haɗa AS da AS, ko da babu auren zumunci, wanda shi kuma ƙara yawan haɗuwar yake yi. A irin wannan aure, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kowane ciki da nasa rabon. Haihuwar mai sikila a fari ba ta sayo wa ƙannensa uku lafiya, kuma gida na iya haifar shida babu ko ɗaya, maƙwabci ya haifi uku dukkansu suna fama.

Raba AS da AS yana hana haihuwar SS a wannan zuriya, amma ba ya rage yawan S a cikin al'umma ko kaɗan. AS ya auri AA, rabin 'ya'yansu AS za su kasance, su ma su girma su nemi aure. Wanda ke yi wa jama'a alkawarin cewa gwajin aure zai kawar da sikila cikin shekara goma ko ashirin, ko dai bai yi lissafin ba, ko kuma ya san ba zai kasance a kujerar ba ranar da za a tambaye shi. Aikin na dindindin ne, kowace zuriya sai an sake shi daga farko.

Takardar da ake dogaro da ita

Gwajin da akasarin ɗakunan gwaji ke yi a ƙasar nan, a kan cajin nan na gulutamik asid ya dogara. Ana ɗiga jini a kan wata 'yar takarda ta musamman a jiƙe, a sa mata lantarki. Himogulobin A, mai cikakken caji, shi ke yin gaba. S da ya rasa wani ɓangare na cajinsa yana biye a baya. Akwai kuma C, wanda a wuri na shidan nan dai aka sa masa laisin, mai caji kishiyar na asali, shi ne kurar baya. Ma'aikaci yana duba inda kowane layi ya tsaya ya rubuta sakamako.

Hanya ce mai araha, kuma tana aiki idan an bi ƙa'idarta. Amma tana bukatar wutar da ba ta rawa, da ruwan sinadarin da bai tsufa ba, da jinin gwaji da aka riga aka san rukuninsa a ajiye a gefe don kwatantawa, da idon da ya ƙware. Ɗaya daga cikin waɗannan ya kuskure, sai layuka su haɗe, AS ya fito a matsayin AA. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, jinin wani ne zai bayyana a nasa sakamakon. Wasu nau'o'in himogulobin da ba su da yawa suna tsayawa daidai inda S ke tsayawa. Akwai ma wuraren da har yanzu gwajin da suke yi shi ne na ganin ko ƙwayar jini za ta lanƙwashe a ƙarƙashin madubin likita, wanda ba ya bambanta AS da SS. Sannan mutane da yawa sun ɗauka AS kaɗai ake gudu, alhali AS da AC na iya haifar SC, wadda ita ma sikila ce, ko da yake ta fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso da kudu maso yammacin Najeriya.

Labarin ma'auratan da suka riƙe takarda mai cewa AA suka kuma haifi SS ba baƙo ba ne a asibitocin yara. Wani lokaci kuskuren ɗakin gwaji ne, wani lokaci kuma takardar ce aka saya. Doka mai tara da ɗauri tana ƙara wa takardar daraja a kasuwa, kuma duk abin da ya yi daraja sai an samu mai buga na jabu. Idan jiha ta wajabta gwaji ba ta ɗauki nauyin sa ido a kan ingancin ɗakunan gwajin ba, ta tilasta wa mutane yanke hukuncin rayuwarsu a kan sakamakon da ita kanta ba za ta iya rantsuwa a kansa ba.

Sai batun lokaci. Saudiyya ta wajabta irin wannan gwaji tun 2004, ta bar wa masu niyyar aure zaɓi bayan an yi masu bayani. A shekarun farko, kusan tara cikin goma na waɗanda aka ce jininsu bai dace ba sun ci gaba da aurensu. Dalilin ba boyayye ba ne, kuma duk Bahaushe zai gane shi: an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, dangi sun yi anko, sannan a ce a je asibiti. Sakamakon da ya zo a wannan gaɓa ihu ne bayan hari. Kuma idan aka fasa, a kan mace nauyin ya fi sauka, domin ita ce za a riƙa nunawa a unguwa. Dokar Kano ta haramta tsangwamar masu sikila da sauran cututtukan da ta ambata, abin a yaba ne, sai dai babu kotun da ke iya tilasta wa uwar miji ta so surukar da ta ji an ce jininta na da matsala. Amurka ta ɗanɗana wannan a shekarun 1970, inda gwajin da aka yi ba tare da wayar da kai ba ya sa aka riƙa hana lafiyayyun masu AS aiki da inshora.

Sirrin da ke jikin jariri

Jaririn SS lafiya lau ake haihuwarsa, kuma yakan yi wata biyar ko shida babu alamar komai. Wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura da haka tun 1948, ta kuma yi hasashen dalili. Ɗan tayi yana da nasa himogulobin na daban, mai suna F, wanda a maimakon sarƙar beta yake da wata mai suna gama. Tunda aibin a beta yake, F ba ya ɗauke da shi, kuma idan ya cakuɗu da S yana hana zaruruwan haɗuwa. Bayan haihuwa ne jiki ke kashe makunnin gama a hankali ya kunna na beta. Ranar da F ya ja baya, ranar ciwo ke sallama, sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa.

Manyan hanyoyin maganin sikila na zamani a kan wannan makunni suke. Mafi tsufa cikinsu wani ɗan ƙaramin sinadari ne mai suna haidiroksiyuriya, ƙwayar zarra tara kacal: kabon ɗaya, haidurojin huɗu, naitirojin biyu, oksijin biyu. A ƙira, oksijin ɗaya ne ya raba shi da yuriyar da manomi ke zuba wa masara, ko da yake a aiki babu abin da ya haɗa su. An fara haɗa shi a Jamus a 1869, aka daɗe ana ba masu sankarar jini. Yana rage saurin da ɓargo ke ƙera sabon DNA, kuma a cikin wannan matsi sai ɓargon ya koma fitar da ƙwayoyi masu yawan F. Yana kuma rage fararen ƙwayoyin jini da ke taimakawa wajen toshe jijiya. Babban gwajin da aka kammala a Amurka a 1995 ya nuna yana rage tashin ciwo da kusan rabi, aka amince da shi a can a 1998. Ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya a rana, babu wani kamfani da ke da ikon mallakarta, kuma ana yin ta a Najeriya.

An daɗe ana cewa ba a san yadda zai yi a jikin yaran Afirka masu fama da maleriya da ƙarancin abinci ba. Wannan hanzari ya faɗi. Binciken da aka yi a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, aka wallafa a 2019, ya nuna raguwar ciwo da ƙarin jini da mutuwa, har da maleriyar kanta. Wani muhimmin ɓangare na hujjar kuma a nan gida aka samo shi. Idan ba a yi rigakafi ba, kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS yana gamuwa da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. Ana iya gano waɗanda ke cikin haɗari da na'urar da ke auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma a ƙasashe masu arziki ƙarin jini ake yi masu duk wata, abin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje da ma'ajiyar jininmu. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt, sun gwada haidiroksiyuriya a yara 220 masu irin wannan haɗari. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna shanyewar jiki ta yi ƙaranci ko da a ƙaramin awo na miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin yaro, waɗanda aka ba miligiram 20 kuma sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Likitocin duniya suna kafa hujja da wannan aiki na Kano da Kaduna. Abin takaici, akasarin yaran da ke bukatar maganin a jihohin da aka yi binciken da maƙwabtansu ba sa samunsa a kai a kai.

Maganin ba alewa ba ne. Yana bukatar a riƙa duba yawan ƙwayoyin jini lokaci-lokaci, ba a ba mai ciki, kuma yana iya rage ƙwayoyin haihuwa na namiji. Wannan dalili ne na a samar da likita da ɗakin gwaji kusa da mai shan sa. Tsoron da sunan maganin sankara ke jefawa a zukatan iyaye kuma, zama da bayani ne ke kawar da shi.

A ɗaya gefen akwai labarin da ya cika kafafen duniya a ƙarshen 2023, lokacin da Birtaniya a Nuwamba, sannan Amurka a Disamba, suka amince da Casgevy. Ana ɗebo ƙwayoyin asali na jinin majiyyaci, a yi amfani da fasahar CRISPR a lalata wurin da ke sarrafa makunnin da ke kashe F, mai suna BCL11A, a share tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, sannan a mayar da ƙwayoyin da aka gyara. Jiki sai ya koma yin jinin jarirai har girma. Hikimar ɗaya ce da ta haidiroksiyuriya, sai dai wannan sau ɗaya ake yi. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. A kan naira 1,500 kowace dala, naira biliyan 3.3 ke nan, wato albashin mai karɓar mafi ƙarancin naira 70,000 na fiye da shekara 3,900. Dashen ɓargo, wanda aka fara yi wa mai sikila a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, amma shi ma na 'yan ƙalilan ne, kuma sai an dace da ɗan'uwan da jininsu ya zo ɗaya.

Sabon magani ma ba kullum yake cika alkawari ba. Oxbryta, wanda aka ƙera don ya riƙe himogulobin a siffarsa ta mai ɗauke da oksijin, kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwannin duniya a Satumban 2024, bayan bayanai sun nuna haɗarinsa ya rinjayi amfaninsa. Namu na gida kuma, Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta haɗa daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi, ya nuna alamun amfani a ƙaramin gwaji, aka miƙa lasisinsa ga wani kamfanin Amurka da ya durƙushe a 2008, maganin ya yi shekaru ba a ganinsa. Babban gwajin da zai tabbatar da ƙarfinsa ko ya kore shi, wanda aikin gwamnati ne ta ɗauki nauyinsa, shi ne abin da aka rasa.

Inda kuɗin ya kamata ya tafi

A Ingila da Amurka, fiye da tara cikin goma na yaran da aka haifa da sikila suna kai wa girma. A Afirka kudu da Sahara, ƙiyasin da masana suka daɗe suna amfani da shi ya ce rabi ko fiye ba sa ganin shekara biyar. Wannan tazara ta samu tun kafin a san CRISPR. Abubuwan da suka haifar da ita ƙanana ne: a gano yaron tun yana jariri, a ba shi fenisilin kullum, wanda wani gwaji na 1986 ya nuna yana rage mummunar cutar da ke bin lalacewar saifa da kashi 84 cikin 100, a yi masa allurar rigakafi, a koya wa uwa taɓa cikinsa ta gane kumburin saifa, a kuma ɗauki kowane zazzaɓi da gaggawa. A nan sai a ƙara gidan sauro da maganin kariya daga maleriya.

Gwajin jarirai yana yin aikin da gwajin aure ke nema, kuma ya riga shi da shekara ashirin. Yarinyar da ta tashi da sanin cewa AS ce, tun kafin wani ya yi sallama a ƙofar gidansu za ta san tambayar da za ta yi, ba tare da an kai ga mayar da lefe ba. Yanzu akwai 'yan sandunan gwaji irin na maleriya, da ɗigon jini ɗaya suke bambanta A da S da C cikin mintuna, ba sa bukatar lantarki. Tawagar Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja ta gwada su a wuraren allurar rigakafi na Gwagwalada, ta nuna ma'aikatan da ke wurin za su iya aikin. Wannan yana da muhimmanci a Arewa maso Yamma, inda binciken 2018 ya nuna matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Tsarin da ya tsaya jiran jariri a ɗakin haihuwa, mafi yawan jariran za su wuce shi.

Ghana ta fara gwajin jarirai a Kumasi tun 1995, daga baya ta sa haidiroksiyuriya cikin magungunan da inshorar lafiyarta ta ƙasa ke biya. Nijar na da cibiyar ƙasa ta masu wannan cuta a Yamai. Najeriya, wadda ta fi kowa yawan masu ita, ta karɓi baƙuncin taron 2001 da shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, amma kason Gwamnatin Tarayya ya fi yawan tsayawa kusa da kashi 5, kuma fiye da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyata yake fita. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar inshora ta 2022 kuma ta tanadi asusun marasa galihu. Ta waɗannan ƙofofi biyu ne sandar gwaji da fenisilin da haidiroksiyuriya za su iya isa asibitin ƙauye, idan an rubuta sunayensu cikin abin da asusun ke biya.

Kowace 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, ana jin sanarwar magani kyauta da sabbin cibiyoyi daga jiha zuwa jiha, wasu kuma da gaske ake yi. Hanyar tantancewa ba ta da wuya ga duk matashin da ke bibiyar kasafin jiharsa: ya nemi layin da aka rubuta sikila a kansa, ya duba rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku ya ga nawa aka saki, sannan ya tambayi jarirai nawa aka gwada a bara, yara nawa aka auna wa jijiyar ƙwaƙwalwa, nawa ne kuma ke karɓar maganinsu duk wata ba yankewa. Haidiroksiyuriya yakan ɗauki watanni kafin F ya taru a jini, kuma idan kantin asibiti ya yanke, cikin 'yan watanni jinin yaron ke komawa yadda yake a da.